Tuvalu da ƙuri'ar bizar Ostireliya: mafita ce ko hanyar watsewa?

Malam Sanusi Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in jefo wata magana da ta daɗe tana cina, kan ƙasar Tuvalu. Tsibirai tara ne a tsakiyar tekun Pasifik, tsakanin Ostireliya da Hawai. Duk faɗin ƙasar idan aka haɗa bai wuce murabba'in kilomita 26 ba, mutanenta wajen 11,000, kuma wuri mafi tudu a cikinta bai kai mita 5 sama da teku ba, ga shi kuma teku tana ta hauhawa saboda sauyin yanayi. Fiye da rabin jama'ar suna zaune a Funafuti, babban birnin, inda a wasu wuraren mutum zai tsaya a kan titi ya ga ruwa a damansa da hagunsa.

A watan Nuwamba na 2023 firaministansu na lokacin, Kausea Natano, ya sa hannu kan wata yarjejeniya da Anthony Albanese na Ostireliya, ana kiranta Falepili. A ƙarƙashinta Ostireliya za ta riƙa ba mutum 280 izinin zama na dindindin duk shekara, ta hanyar ƙuri'a. Ba a tambayarka takardar ɗaukar aiki, kana da damar asibiti da makaranta, kuma kana iya zuwa gida ka koma yadda ka ga dama. Da aka buɗe rajista a tsakiyar 2025, sama da mutum 8,000 ne suka shiga, har da matan masu nema da 'ya'yansu.

Ku buga lissafin da kanku: 280 sau 40 ya haura 11,000. To wannan ceto ne, ko kuwa kwashe al'umma ne sannu a hankali ba tare da an faɗi sunan abin ba? Kuma me ke jiran sauran ƙananan tsibirai irinsu?

Hajiya Rabi Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai a matsayina na uwa, da ni ce a can da tuni na rubuta sunan 'ya'yana. Ruwan gishiri yana ɓullowa ta ƙarƙashin ƙasa idan teku ta tumbatsa, ba sai an yi guguwa ba. Ramukan da suke shuka pulaka, wani abinci mai kama da gwaza wanda kakanninsu suka rayu a kansa, gishiri yana kashe su. Ruwan sha sai na sama da ake tarawa a tanki. A 2011 da fari ya yi tsanani sai da aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kawo musu injinan tace ruwan teku a jirgin sama daga Niyu Zilan. Mu da ke Damagaram mun san abin da ake nufi da mace ta kwana tana tunanin ruwan da za ta dafa abinci gobe. Kada mu zauna a inuwa mu ce wa wani ya yi haƙuri da rana.

Injiniya Nura Funtuwa:
Hajiya, maganarki gaskiya ce ta fuskar wahala, amma akwai abin da ake yawan tsallakewa. Irin waɗannan tsibiran ba dutse ba ne da ke tsaye wuri ɗaya ruwa yana hawansa. Yashi ne da ɓaraguzan murjani da igiyar ruwa take tarawa, tana kwashewa nan tana zubawa can. Wani bincike da Paul Kench da abokan aikinsa na jami'ar Auckland suka fitar a 2018 ya duba hotunan sama daga 1971 zuwa 2014, ya ga faɗin ƙasar Tuvalu ya ma ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari. Gwamnatin Tuvalu ba ta ji daɗin binciken ba, kuma tana da hujja: tarin tsakuwa da ya ƙaru a bakin wani tsibiri da ba kowa a kai ba gona ba ce, ba kuma rijiya ba ce. Duk da haka ya nuna cewa hoton nan na ƙasa tana nutsewa ɗungurungum rana ɗaya ba haka abin yake ba. Abin da zai fara kore su rashin ruwan sha ne da yawan ambaliya, tun ƙasar tana nan ana ganinta.

Kuma ana iya ɗaga ƙasa. A Funafuti an riga an yaso yashi daga cikin tafkin da tsibirin ya kewaye, aka cike fili mai faɗin hekta 7 da ɗoriya, wanda ya fi sauran garin tudu, da kuɗin asusun sauyin yanayi na duniya. Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, ta yi wanda ya fi wannan nesa ba kusa ba: tun 1997 suke gina tsibirin Hulhumale kusa da babban birninsu, an ɗaga shi kamar mita 2, yau dubban mutane ne a cikinsa, da masallatai da makarantu da gidajen bene.

Sadiya Bichi:
Yaya Nura, to idan ana iya cikewa, me ya sa ba a cike duka tsibiran ba kowa ya huta?

Injiniya Nura Funtuwa:
Kuɗi, ƙanwata. Jirgin yasar yashi sai an ɗauko shi daga nesa, dutse da siminti da mai duk sai an shigo da su ta teku. Maldibs tana da masu yawon buɗe ido, a 2024 sun haura miliyan 2. Tuvalu kuwa ƙaramin jirgin sama ne ke zuwa daga Fiji 'yan lokuta a mako, har filin jirgin ne dandalin da yara ke ƙwallo da yamma. Sannan ko an samu kuɗin, babban birni za a ɗaga. Tsibiran karkara takwas ɗin fa? Abin da zai faru shi ne a tattara kowa wuri ɗaya, wanda shi ma wani nau'in ƙaura ne, ko da ba a tsallaka iyaka ba.

Abdul Kumasi:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ban ga abin tsoro a tafiya ba. Kakan kakana fataucin goro ya kawo shi Asante, ni an haife ni a zango, ban taɓa kwana a ƙasar Hausa ba sai da na girma, ga shi da Hausa nake rubuto muku. Ku je Mai Wurno a Sudan, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suna nan da harshensu. Al'umma ba ƙasa ba ce, mutane ne. Mutanen tsibiran nan ma matafiya ne tun asali, da kwale-kwale suka ratsa teku suka same su. A Tonga kuɗin da 'yan ƙasar waje ke aikowa gida ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na arzikin ƙasar. A tsibiran Kef Bad (Cape Verde), nan maƙwabtanmu a Afirka ta Yamma, waɗanda ke waje sun fi na gida yawa, kuma ƙasar ba ta mutu ba.

Malam Sanusi Gwale:
Abdul, a nan ne na saba da kai. Zango ya rayu ne saboda Kano da Katsina da Sakkwato suna nan daram. Duk shekara sabon baƙo yana sauka, malami yana zuwa, ana ɗauko amarya daga gida, rediyo yana magana da Hausa safe da yamma. Miliyoyi ne a bayanka suna riƙe maka harshen ko kana barci. Wa zai riƙe wa ɗan Tuvalu nasa idan gidan ne ya zama kango?

Duba Niue, wani ƙaramin tsibiri a Pasifik ɗin. A 1966 mutanenta sun haura 5,000. Suna da 'yancin zama a Niyu Zilan ba shamaki. Yau waɗanda suka rage a tsibirin ba su kai 2,000 ba, alhali 'yan asalin Niue a Niyu Zilan sun haura 30,000, kuma mafi yawansu ba sa jin harshen. Niue tudu ce, teku ba ta cinye ta ba. Ƙofa kawai aka buɗe. Kuma waɗanda ke fara fita su ne ma'aikaciyar jinya, da malamin makaranta, da makanikin injin wutar lantarki. A ƙasa mai mutum 11,000, idan ungozoma biyu suka ci ƙuri'a shekara ɗaya, wani tsibirin ya rasa mai karɓar haihuwa ke nan.

Bala Yauri:
Malam Sanusi, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, domin ni wannan ba labarin nesa ba ne.

Kakana na wajen uwa Bagunge ne. Gungawa mutanen tsibiran kogin Kwara ne a ƙasar Yauri, masunta kuma manoman albasa da gero. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da garuruwa da yawa, har da tsibirin Foge da tsohuwar Bussa. Mutum wajen 44,000 aka tayar. Ba a bar su a fili ba, an gina musu sababbin ƙauyuka a gaɓa, gidajen siminti a jere. Kakana ya ce ɗakin da aka ba shi idan rana ta take ba ya shiguwa don zafi, sai ya gina bukkar ƙasa a bayansa ya koma ciki, na simintin ya zuba albasa.

Ina yaro yana ɗaukata a jirginsa. Akwai wani wuri a tsakiyar ruwa da ba abin da za ka gani sai ruwa, amma duk sanda muka iso sai ya ɗaga filafili ya daina tuƙi. Yana duba wani dutse a gaɓar yamma da wata bishiya a gabas, ya daidaita jirgin tsakaninsu, ya ce mini a nan ƙasanmu rumbun babansa yake, can gaba kaɗan maƙabarta. Yakan yi wa iyayensa addu'a a nan, sannan mu wuce mu duba koma.

Abin da nake so ku lura da shi: ba wanda ya kashe su, ba wanda ya kore su daga Nijeriya. Ga asibiti ya matso, ga hanyar mota. Amma kakana da harshen Gungawa yake mafarki, mahaifiyata tana ji ba ta iya mayarwa sosai, ni kuwa gaisuwa kawai na iya. Wane harshe ne ya maye gurbinsa? Hausa. Wannan da muke rubutu da ita. A wancan labarin mu ne babbar ƙasar da ta buɗe ƙofa da kyakkyawar niyya. Ruwan da ya kewaye su a da shi ne katangar da ta tsare musu harshe da aure da sana'a. Da aka hau tudu aka shiga kasuwa ɗaya da kowa, sai abin ya narke cikin jikoki biyu.

Ba na cewa da an bar su cikin wahala. Ina cewa duk wanda zai ce wa ɗan Tuvalu "je ka, al'adarka tana cikin jininka", bai ga abin da na gani ba.

Hajiya Rabi Damagaram:
Allah ya jiƙan kakanka, Bala. Jikina ya yi sanyi. Amma ka faɗa mini tsakani da Allah, mahaifiyarka da ta haife ku kusa da asibiti, za ta yarda ta koma tsibiri don harshe?

Bala Yauri:
Amin, Hajiya. Ba za ta koma ba, na sani. Abin da take cewa shi ne da an tambaye su yadda suke son a zaunar da su, da wa da wa za su yi maƙwabtaka, ina za a sa gona, ina za a sa mashigin jirgi. An zo da takarda an riga an zana komai.

Barista Hauwa Tudun Wada:
Wannan kalma ta Bala, "da an tambaye su", ita ce zuciyar maganar, kuma tarihin Pasifik ɗin kansa ya ba mu misalai biyu da ke kallon juna a cikin ƙasar Fiji.

Na farko tsibirin Rabi. Mutanen Banaba ne a can, wani tsibiri da yau yake cikin ƙasar Kiribati. Turawan Ingila sun fara haƙar fosfat, ma'adinin da ake takin zamani da shi, a tsibirinsu tun 1900. Bayan yaƙin duniya na biyu, a watan Disamba na 1945, aka kwashe su wajen mutum dubu aka sauke a Rabi, tsibirin da aka saya da kuɗinsu na ma'adinin. Aka ajiye su a tantuna a lokacin guguwa, aka ci gaba da haƙa a gidansu har 1979. Takin ya tafi gonakin Ostireliya da Niyu Zilan.

Na biyu tsibirin Kioa, ba nisa da Rabi. Mutanen Vaitupu ne, ɗaya daga tsibiran Tuvalu ɗin nan. Su da kansu suka tara kuɗin da suka samu wajen yi wa sojojin Amurka aiki lokacin yaƙi, suka sayi Kioa a 1946, rukunin farko ya sauka a 1947. Sun tafi da dattawansu da tsarin majalisarsu. Har yau harshen Tuvalu ake yi a Kioa, ana rawarsu ta gargajiya, fatele. Kusan shekara 80 ke nan.

Duka biyun ƙaura ce, a shekaru kusan ɗaya, zuwa ƙasa ɗaya. Ɗaya an yi musu, ɗaya su suka yi. Abin da ke damuna da tsarin ƙuri'a shi ne bai yi kama da ko ɗaya ba. Ba tilas a ciki, wannan alheri ne. Amma ba gari yake ɗauka ba, mutum ɗaya-ɗaya yake tsinta. Wannan ya sauka a Brisbane, wancan a Melbourne, kowa da gidan hayarsa. Kwamfuta ce ke zaɓar wanda zai tafi, ba majalisar dattawan tsibiri ba.

Abdul Kumasi:
Barista, ai mutane za su nemi juna da kansu. 'Yan tsibiran Marshall sun taru a wani gari guda a jihar Arkansas ta Amurka, Springdale, dubbai, suna aiki a masana'antun kaji, da cocinsu da ofishin jakadancinsu. Ba wanda ya zana musu wannan. Haka zango yake farawa.

Barista Hauwa Tudun Wada:
Haka ne, kuma ina fatan haka ta faru. Sai dai ka tuna dalilin da ya buɗe musu ƙofar Amurka: gwajin makaman nukiliya 67 da aka yi a tsibiransu tsakanin 1946 da 1958, da sansanin soja da har yanzu yake Kwajalein. Babbar ƙasa ba ta buɗe ƙofa a banza. A yarjejeniyar Falepili ma akwai sashe na 4, wanda ya ce duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta ƙulla da wata ƙasa sai sun amince tare da Ostireliya. Kowa ya san Chaina ake nufi. Tuvalu tana cikin ƙasashe ƙalilan da har yanzu suke tare da Taiwan, bayan Kiribati da tsibiran Solomon sun juya zuwa Chaina a 2019, Nauru kuma a farkon 2024. Tsohon firaminista Enele Sopoaga ya soki wannan sashe ƙwarai, ya kuma yi ƙorafin ba a tuntuɓi jama'a ba. Sabuwar gwamnatin Feleti Teo ta nemi ƙarin bayani a rubuce kafin yarjejeniyar ta fara aiki a watan Agusta na 2024.

Sadiya Bichi:
Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Ostireliya tana cikin manyan masu sayar da kwal da iskar gas a duniya. Hayaƙinta yana cikin abin da ke ɗaga tekun, sannan ita ce mai rabon biza ana yi mata godiya. Duk hayaƙin da Tuvalu ta fitar tun da aka halicce ta bai kai abin da za a saka a lissafi ba.

Alhaji Idi Baga:
'Yata Sadiya, haushinki a kan hanya yake. Amma ni ɗan kasuwar kifi ne, bari in kawo ta inda na sani. Kuna ta cewa ƙananan ƙasashe. A tudu ne suke ƙanana. Dokar teku ta ba kowace ƙasa mil 200 daga gaɓarta, kifin ciki da abin da ke ƙasa nata ne. Ruwan Tuvalu ya haura murabba'in kilomita 700,000. Na Kiribati ya haura miliyan 3, ya ninka faɗin Nijeriya fiye da sau uku. Kuma a wannan yankin ake kama kaso mafi tsoka na kifin tuna da ake sawa a gwangwani a duniya.

Da can jiragen Japan da Koriya da Taiwan da Amurka suna bin su ɗaya bayan ɗaya suna taya lasisi da arha, wannan ya ƙi a tafi wajen maƙwabcinsa. Sai ƙasashe takwas suka haɗa kai, suka ce daga yau kwana muke sayarwa: duk jirgin da zai yi su a ruwanmu zai biya kuɗin kowace rana, kuma ba mai sayarwa ƙasa da farashin da muka yanka. Suka kai mafi ƙarancin kuɗin rana ɗaya dala 8,000. Abin da suke samu gaba ɗaya ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a shekara zuwa kusan miliyan 500. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a tafkin Chadi da masunta sun taɓa iya tsayawa a kan farashi ɗaya haka, da dillali bai riƙa cin guminsu ba.

Wannan kuɗin kamun kifi ne ke biyan albashi a Tuvalu, tare da asusun ajiya da aka kafa musu a 1987, da kuɗin hayar haruffan .tv na intanet da suke samun miliyoyin daloli a kai duk shekara. To tambayata ga Barista: idan tudun ya tafi, ruwan na wa? Domin daga gaɓa ake auna mil 200 ɗin. Ba gaɓa, daga ina za a fara awo?

Barista Hauwa Tudun Wada:
Baba Alhaji, tambayar da lauyoyin duniya suka shekara suna kai-kawo a kanta ke nan. A tsohuwar ƙa'ida, ta yarjejeniyar Montevideo ta 1933, ƙasa sai da abu huɗu: jama'a, yanki, gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe. Ba wanda ya yi tunanin yankin zai iya ɓacewa.

Mutanen tsibiran ba su jira an yanke musu ba. A 2021 ƙungiyar ƙasashen Pasifik ta ayyana cewa iyakokin ruwansu da suka riga suka yi wa rajista ba za su ja baya ba ko teku ta ci gaɓa. A 2023 Tuvalu ta gyara kundin tsarin mulkinta ta rubuta cewa ƙasar tana nan har abada ko me ya sami tudunta. Ostireliya ta amince da wannan a cikin Falepili, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja da Tuvalu ta karɓo, ya fi bizar.

Sai babbar: wasu ɗaliban shari'a na jami'ar Kudancin Pasifik a Vanuatu suka fara kiraye-kiraye a 2019 a kai maganar sauyin yanayi Kotun Duniya. Gwamnatin Vanuatu ta ɗauka, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Maris na 2023, kotun ta ba da ra'ayinta ranar 23 ga Yuli, 2025. Ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, wanda ya saɓa ana iya neman diyya a wajensa. Ta kuma ce ƙasar da ta riga ta kafu ba lallai ta rasa matsayinta ba don ɗaya daga ginshiƙanta ya ɓace. Ra'ayi ne na shawara, ba hukuncin da ɗan sanda zai zartar ba. Amma daga aji ɗaya na ɗalibai aka faro shi.

Injiniya Nura Funtuwa:
Takarda ta yi kyau, Barista, sai dai kifi ba ya karanta ta. Masu bincike suna hasashen ɗumamar ruwa za ta riƙa tura tuna gabas, zuwa tekun da ba na kowa ba, inda jirgi ba ya biyan ko sisi. Dogaro da abu ɗaya shi ne ciwon duk ƙananan tsibirai. Maldibs da annobar korona ta rufe filayen jirgi a 2020, arzikinta ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda.

Malam Sanusi Gwale:
Nauru ce darasin da ya fi ɗaci a nan. Tsibiri ɗaya, murabba'in kilomita 21. Bayan 'yancin kai a 1968 kuɗin fosfat ya sa ta shiga sahun ƙasashen da ɗan ƙasa ya fi kowa samu a duniya. Aka haƙe wajen kashi 80 cikin ɗari na tudun, ya zama tsirarun duwatsu da ko akuya ba ta kiwo a ciki, asusun ajiyar kuma ya salwanta a jarin da bai yi albarka ba. Daga nan me ya rage a sayar? Daga 2001 ta karɓi sansanin tsare masu neman mafaka da Ostireliya ba ta so su taka ƙasarta. Yanzu tana sayar da fasfo, tana kuma ɗaure wa wani kamfani gindi ya haƙo ma'adinai a ƙarƙashin teku, abin da wasu maƙwabtanta irin su Palau da Fiji suke adawa da shi. Idan ƙasa ba ta da abin kai wa kasuwa, sai ta fara sayar da tambarinta da ƙuri'arta.

Amma akwai abin da nake girmama mutanen Nauru a kansa. A farkon shekarun 1960 Ostireliya ta yi musu tayin tsibirin Curtis a gaɓar Queensland, su koma can gaba ɗaya. Suka ƙi a 1964, saboda sharaɗin shi ne su zama 'yan Ostireliya, su kuma suna son su ci gaba da zama al'umma mai mulkin kanta. Sun zaɓi ramin fosfat da tutarsu. Wani zai ce kuskure ne. Ni ban iya cewa haka ba.

Hajiya Rabi Damagaram:
Malam, tuta ba ta shayar da jariri. Ni har yanzu ina nan kan bakata: a bar wa kowace uwa zaɓinta. Abin da na ƙaru da shi yau shi ne a yi ƙoƙari tafiyar ta zama da shiri. Kiribati ba ta sayi fili a Fiji ba? Me ya hana a bi wannan hanyar?

Malam Sanusi Gwale:
Ta saya, Hajiya, a 2014 zamanin shugaba Anote Tong, wajen murabba'in kilomita 20 a tsibirin Vanua Levu, kan kusan dala miliyan 9. Shi Tong yana cewa a horar da matasa sana'a su fita da mutuncinsu tun kafin a kira su 'yan gudun hijira. Wanda ya gaje shi a 2016, Taneti Maamau, ya juya akalar, ya ce zama za a yi a gina gida, filin kuma a yi noma. Kin ga ko a cikinsu ba a daidaita ba. Kuma sayen fili ba sayen mulki ba ne: gonar tana ƙarƙashin dokar Fiji, kuma akwai mutanen da suka daɗe da zama a cikinta.

Sadiya Bichi:
Batun mayar da ƙasar cikin kwamfuta fa? Na ga ministansu Simon Kofe, wanda ya yi jawabi tsaye cikin ruwa har gwiwa a 2021, ya ce za su kwafi tsibiran su adana a intanet.

Bala Yauri:
Ƙanwata, a adana waƙoƙi da muryoyin tsofaffi da taswirar gonar kowane gida, wannan aiki ne mai kyau, da an yi mana haka da yau ina da abin nuna wa 'ya'yana. Rajistar 'yan ƙasa da zaɓe da takardun gwamnati ma za su iya zama a can. Amma yaro ba ya koyon tuƙa jirgi a waya, kuma harshe a wajen aiki yake rayuwa. Sunayen iska da na igiyar ruwa da na kifi, ranar da aka daina fita su, ranar suke fara mutuwa.

Alhaji Idi Baga:
To ni abin da nake hange, ba duka za su tashi ba, ba kuma duka za su zauna ba. Za a ɗaga wani yanki na Funafuti, wasu dubbai su zauna su riƙe gwamnati da tashar jirgi da kabarin iyaye, sauran suna waje suna aiko da kuɗi suna zuwa hutu. Rigimar da za ta taso ita ce ta rabo. Kuɗin kifi na wanda ya zauna yana shan gishiri ne, ko har da wanda ke Brisbane yana da asibiti kyauta? Na ga irin wannan a kan gadon gona tsakanin ɗan da ya zauna da wanda ya tafi birni, ba ta ƙarewa da daɗi idan ba a rubuta tun uba yana raye ba.

Barista Hauwa Tudun Wada:
Baba Alhaji, akwai abin da za a iya dubawa. Kundin tsarin mulkin Kiribati ya ware wa mutanen Banaba da ke Rabi kujera ɗaya a majalisar dokoki, majalisar shugabanninsu ce ke naɗa mai zama a kai, duk da suna zaune a Fiji, kuma haƙƙinsu na filayen Banaba yana nan a rubuce. Majalisar Tuvalu kujeru 16 ce, bibbiyu ga mazaɓu takwas na tsibirai. Ranar da 'yan tsibirin Nanumea da ke Ostireliya suka fi waɗanda ke Nanumea yawa, dole a zauna a yanke ko su wa kujerun nan biyu suke wakilta, da wa ke da bakin magana kan kuɗin kifi. Gara a yanke shi yanzu da mutanen suke gari ɗaya suna iya taruwa a zaure ɗaya, kafin rukuni na biyar ko na goma su hau jirgi.